Sukari a Bakin Cokali

Maigidana mutum ne mai son lemon kwalba. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, shayi ma sai an matsa masa, amma in ya dawo daga shago bayan la'asar bai ji murfi ya yi fus a hannunsa ba, to ranar ba ta cika ba. Tun muna Kano haka yake. Da muka zo Makka aikin Hajji muka zauna, abin sai ya ƙaru, domin zafin garin nan yana ba mutum hujja, kuma duk lungun da ka leƙa akwai kanti mai firiji. Tela ne. A bayan wani ɗan shago a unguwar Jarwal yake zama, yana rage tsawon jallabiya da abaya ga alhazan da suka saya ba su gwada ba.

A lokacin muna hawa na uku na wani tsohon gida, ɗaki biyu da kicin wanda in na buɗe hannuwana nakan taɓa bango da bango. Mu uku ne, ni da shi da 'yarmu da muka haifa a nan. Larabci ya fi zama a bakinta. In na yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Larabci, ba ta tuna Hausar sai in tana son wani abu a wurina.

Wata shekara bayan alhazai sun watse, maigida ya fara ramewa. Ƙishirwa ba ta barinsa, zare kuma ya fara ƙin shiga allura. Na yi ta matsa masa har muka je wani ƙaramin asibiti inda ba a cika tambayar takardun zama ba, domin mu ba mu da su. Likita ya ɗebi jininsa ya ce ciwon sukari ne. Ya tambaye shi me yake sha in ya ji ƙishirwa. Maigida ya ɗaga kai yana kallon silin, ni na amsa. Likitan ya girgiza kai ya ce daga yau an rabu.

Ya rage shinkafa bai yi ƙorafi ba. Ya rage dabino, ya sha magani a kan lokaci. Lemon ne kaɗai ya zame masa kamar rasuwa. Ya gwada irin wanda ake cewa ba sukari a ciki, ya ce ɗanɗanon magani yake bari a harshe. Sai ya dawo daga shago ya zauna a bakin taga, ya zuba wa titi ido, hannunsa a kan gwiwa ba abin riƙewa. Mutumin da ya saba shigowa da labarin wani alhaji da ya sayi riga har tana jan ƙasa, sai ga shi ya zama ba um ba um'um.

Na ce bari in yi masa irin namu na gida. Na daka ɗanyar citta, na jiƙa tsamiya, na jefa kanumfari, na tace, na sa sukari ɗan kaɗan, na sanyaya. Ya kurɓa, ya ce Allah ya yi albarka, ya ajiye kofin. Washegari ma haka. Da na tambaye shi sai ya ce:

"Hajiya, kin yi ƙoƙari. Amma ni ba zaƙin nake kewa ba. Cizon nan ne a maƙogwaro, da gyatsar da ke biyo baya. Wannan naki a kwance yake."

A ƙasanmu akwai wata tsohuwa da duk gidan ke kira Goggo. Kakanninta da ƙafa suka baro ƙasar Hausa, suka yada zango a Sudan suna noman auduga, a can aka haife ta, aure ya tsallako da ita teku tana yarinya. Ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta ta mutanen da ce, har takan faɗi kalmar da rabona da ji tun bakin kakata. Da azumi ita ke yi wa gidan sobiya, abin shan nan na mutanen Makka da ake jiƙa sha'ir da busasshen burodi a bar shi ya ɗan yi tsami. Na tuna cewa tata takan ɗan tsikari harshe. Sai na ɗauki kofin da maigida ya bari na sauka.

Na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Na gaishe ta, na ba ta labari. Ta karɓi kofin ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Hannunki da daɗi, 'yata," ta ce. "Amma ba ki sa masa uwa ba."

"Wace uwa kuma, Goggo?"

Ta nuna mini ƙarƙashin gadonta ta ce in jawo abin da ke can. Wani tulun gilashi ne, an rufe bakinsa da farin ƙyalle an ɗaure da zare. Ruwa ne gurɓatacce a ciki, gutsattsarin citta suna yawo a sama, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa a hankali. Ta ce in kara kunne. Na kara, na ji yana wani ɗan sauti kamar yayyafi a kan kwano daga nesa. Ta ce wurin mahaifiyarta ta koya a Sudan. Citta ce kawai da ruwa da sukari, amma akwai wani abu mai rai a jikin ɓawon cittar, wanda in ana ba shi abinci kullum yakan farka ya yi ta aiki. Shi ne uwa. Ta ɗebo mini ludayi guda a kwano, ta ce in riƙa ba ta cokalin citta da cokalin sukari kowace safiya.

Ta farko ta mutu a hannuna. Na zuba mata ruwan famfo kai tsaye, washegari ta yi shiru, bayan kwana biyu ta fara wari. Na koma ina jin kunya. Goggo ba ta yi faɗa ba, ta ce ruwan garin nan akwai magani a ciki, sai an tafasa shi an bar shi ya huce. Maigida da ya ji labari ya ce me zai hana a yi da zamzam, ai ba ruwan da ya fi shi. Da na kai wa Goggo wannan shawara sai ta ɗaga mini hannu ta ce zamzam a sha shi yadda Allah ya fito da shi, ba a kai shi inda ake jiran tsami.

Ta biyun ta rayu. Goggo ta hau bene da sandarta, abin da ba ta cika yi ba, ta zauna a kan kujerar roba a ƙofar kicin tana ba ni umarni. Na dafa citta da tsamiya da kanumfari da ɗan ɓawon lemon tsami, na sa sukari kaɗan, na bari ya huce har ya koma kamar ɗumin jiki. Na tace ruwan uwar na zuba a ciki, na rufe bokitin da ƙyalle. Ta ce in bar shi a inuwa in riƙa ɗanɗanawa, ranar da na ji zaƙin ya gudu ya bar yajin citta da tsami, in kira ta.

Da ranar ta zo na wanke kwalaben gilashi masu murfin murɗawa, na jera su, na ɗauko mazurari zan fara ɗurawa. Goggo ta buga sandarta a ƙasa.

"Tsaya. Ina sukarin?"

"Goggo, ai saboda sukarin muke wannan wahala. Likita ya hana."

"Kawo ƙaramin cokali."

Na miƙa mata. Ta tsoma bakin cokalin kawai a cikin gwangwani, abin da ya hau bai kai rabinsa ba. Ta karkata shi a bakin kwalba ta farko, ƙwayoyin suka gangara suka zauna a gindi.

"Wannan ba na mijinki ba ne," ta ce. "Na abin da ke cikin ruwan ne. Za ki kulle shi a ɗaki, sai ki bar masa guzuri. Zai cinye, ya yi numfashi, numfashin ya rasa ƙofa ya koma cikin ruwan. Shi ne cizon da mijinki ke nema. Kafin ya kai baki, sukarin ya riga ya tafi."

Ta nuna mini kada in cika kwalba har wuya, in bar wurin yatsu biyu. Ta sa na murɗa murfin da ƙarfi, na juya kowace kwalba a hankali har sukarin ya narke. Muka jera su a ƙarƙashin wurin wanke-wanke inda rana ba ta kaiwa. Ta ce a zafin Makka ba ya daɗewa, da na ga kumfa ta yi zobe a wuyan kwalba in kwashe su zuwa firiji, sanyi zai sa abin ya yi barci.

Ban gaya wa maigida komai ba. Ranar da suka yi sanyi ya dawo bayan la'asar ya nufi tagarsa. Na kawo kwalba a kan faranti na ajiye a gabansa. Ya dube ta ya dube ni, ya ɗauka don kada in ji haushi, ya murɗa murfin. Ta yi fus. Wani ɗan hayaƙi ya fito daga bakinta, kumfa ta taso ta tsaya daidai wuya. Ya kafa kai ya sha, ya sauke, idanunsa suka kawo ruwa saboda yajin citta. Can sai ga gyatsa, irin wadda 'yarmu ta jiyo daga ɗaki ta leƙo tana tambaya da Larabci me ya faru.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Hajiya, a ina kika sayo?"

Na ce a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. A ranar na sake jin labarin alhazai. Wani wai ya kawo wando a rage masa, aka rage, ya dawo ya ce ashe na ƙaninsa ne.

Ba a jima ba wata damuwa ta ɓullo. Ya tafi da kwalba shago ya ɗanɗana wa abokin aikinsa, wani tela mutumin Sakkwato. Mutumin ya yaba, ya tambayi yadda ake yi. Da ya ji an ce ana barin abu a bokiti ya kwana yana kumfa, sai ya ajiye kofin ya ce shi dai a ƙauyensu da haka masu burkutu ke farawa. Maigida ya dawo fuska a murtuke. Na kawo kwalba ya ture ta gefe.

"A garin nan, Hajiya? Ana jiyo kiran sallar Harami daga tagar nan, mu kuma muna jiƙa abin da ba mu san hukuncinsa ba?"

Ni ma ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce ai Goggo ta fi mu tsoron Allah, kuma sobiya duk Makka ake sha a buɗa-baki. Ya ce Goggo ba malama ba ce. Muka yanke shawara mu kai maganar gaba.

Akwai wani dattijon malami mutumin Damagaram da ke karantar da manya a ƙaramin masallacin lungunmu. Na saba da matarsa. Muka je gidansa da hantsi da kwalba a jaka. Maigida ya zauna da shi a falo, ni na zauna da matar a bakin ƙofar ciki inda zan ji su su ji ni. Malam ya saurari maigida har ya gama, sannan ya ɗaga murya ya ce Hajiya ta faɗi yadda take yi tun daga farko. Na faɗa. Ya tambayi yawan sukarin da nake sawa a bokiti, da tsawon lokacin da yake zama, da abin da nake yi da wanda ya daɗe ba a sha ba. Sai ya ce a buɗe. Ya sha kofi guda a hankali, ya ce a ƙara masa.

"Alhaji," ya ce wa maigida, "ka taɓa shan abin nan da yawa?"

"Na taɓa shan kwalba uku a zama ɗaya, Allah gafarta malam."

"Kanka ya juya? Ka ji harshenka ya yi nauyi, ko ka rasa raka'a nawa ka yi?"

"A'a. Cikina ne dai ya cika da iska."

Matar malam ta toshe baki da mayafi. Malam ya ce abin da aka hana shi ne mai gusar da hankali, kuma wanda mai yawansa ke bugarwa ko kaɗan ɗinsa ba a taɓawa. Ya ce nono yana tsami, kunu yana tsami, ƙullun waina yana tashi, ba wanda ya ce a zubar da su. Amma abokin aikin nan ma bai yi ƙarya ba, domin hanyar ɗaya ce, in aka cika sukari aka bar shi ya daɗe a zafi, zai kai inda ba a so. Don haka mu tsaya tun a farkon hanya: sukari kaɗan, zama kaɗan, a sanyaya da wuri, wanda ya daɗe ko ya sauya wari a zubar ba tare da jin asara ba. Muka yi godiya. Za mu tashi ya ce a bar masa sauran kwalbar, wai zai ƙara nazari.

Hankalin maigida ya kwanta, har ya so ya wuce gona da iri. Wata rana na jera kwalabe na sa musu sukari na ɗura, sai aka kira ni ƙasa, wata maƙwabciya ta haihu. Na ce masa ya taimaka ya murɗa murafan ya kai su wurinsu. Ya ce an gama.

Bayan kwana biyu, da azahar, muna zaune mun gama cin abinci sai muka ji ƙara daga kicin kamar tayar mota ta fashe. 'Yarmu ta yi kururuwa. Kafin mu miƙe aka sake yin wata. Na yi zaton tukunyar gas ce, na ja yarinyar zuwa ƙofa. Maigida ya leƙa da murfin tukunya a gaban fuskarsa. Ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta wangale, ruwan citta na gangarowa daga bango, gilashi ya watsu har bakin falo. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Ya lulluɓa wa sauran kwalaben bargo, ya riƙa sassauta murafansu ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashi, kowace tana huci kamar kububuwa.

Goggo ta jiyo ƙarar ta hawo. Ta tsaya a ƙofa tana haki, ta dubi bangon, ta tsoma yatsa a abin da ya rage a gindin wata kwalba ta lasa.

"Wa ya ƙara sukari?"

Na ce wallahi bakin cokali na sa kamar kullum. Ta ce ba ni take tambaya ba. Maigida yana durƙushe da tsintsiya a hannu, bai ɗago ba. Can ya ce shi dai ya ga kamar an yi wa abin rowa. Tunda an ce sukarin ba ya kaiwa baki, sai ya ga ba laifi a ƙara wa kowace cokali guda cikakke, ko cizon zai fi ƙarfi.

"To ga shi ya cije ka," in ji Goggo.

Na ce masa, "Alhaji, kai da ka kai ni gaban malam?" Ya ce a rufa masa asiri kada maganar ta kai masallaci. Muka yi ta dariya har Goggo ta nemi kujera. Abin da ya tsira muka tuttular a rariya, shi da kansa ya wanke bangon.

Daga ranar na bar gilashi. Goggo ta ce in koma robobin lemo, masu kaurin nan da aka yi su don riƙe iska. Suna da wani amfani kuma, domin roba tana gaya maka halin da ake ciki. Da an ɗura za ka matsa ta lotsa. Kullum in na wuce sai in ɗan matsa, ranar da ta ƙi lotsawa ta yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, sai firiji. Har 'yarmu ta koyi matsawa in ta shiga ɗaukar ruwa, ta ƙwala mini kira ta ce sun nuna.

A shekarun da shiga Arfa bai yi tsanani ba, mukan samu aikin kwanakin Hajji a tantunan girki. Ni ina cikin mata masu yanka albasa da wanke tukwane, shi yana cikin masu ɗaukar kwalayen abinci zuwa tantunan alhazai. Ranar Arfa ita ce babbar jarrabawarsa, domin ko'ina ka juya ana raba lemo mai sanyi sadaka, har cusa maka ake yi a hannu. Shekarar farko bayan ciwon na sa masa robobi a jakar ƙanƙara. Kafin rana ta karkata ƙanƙarar ta narke, robobin suka yi ɗumi, ga jijjigar da suka sha a mota. Ya zauna hutawa a inuwar wata babbar mota tare da abokan aikinsa, kowa da gwangwanin lemonsa, shi kuma ya zaro tasa yana taƙama. Yana murɗawa ta yi tsiri sama ta wanke shi ta wanke na kusa da shi. Abin da ya rage bai kai rabi ba, shi ma bai samu ya sha shi kaɗai ba, don kowa ya ce sai ya ɗanɗana abin da ya jiƙa masa riga. Ya zo tantinmu jiƙe yana ƙamshin citta ya karɓi wata. Tun daga nan na koyi cewa wadda za ta yi tafiya, rabin sukarin da aka saba ake sa mata.

Muka ci gaba da haka shekara da shekaru. Likita ya ce kofi guda a rana ba laifi muddin awo yana kyau, kuma yawanci yana kyau. Sai aka sayar da gidanmu na Jarwal za a rushe a gina otal, kamar yadda aka yi wa na kusa da mu. Ɗan Goggo ya zo daga Jidda ya ce da shi za ta koma. Ranar da za ta tafi ta kira ni ta ce in jawo tulun nan na ƙarƙashin gado. Ta ce matar ɗanta ba za ta iya da wahalarsa ba, ita kuma hannunta ya fara rawa. Muka yi kuka kaɗan, ta yi mini faɗa a kan cewa ina cika kanumfari, mota ta tafi. Mukan yi waya. Har yanzu in na kira, kafin ta tambayi lafiyar maigida sai ta tambayi tulun.

Mu kuma muka samu ɗaki biyu a unguwar Kudai, a hawan ƙasa, kusa da inda motocin alhazai ke tsayawa. Da za mu tashi, kaya suka hau bayan mota, ni na zauna gaba da tulun a kan cinyata ina riƙe da bakinsa. Sabon kicin ɗin ya fi na da faɗi, kuma ya fi sanyi, don haka robobin sukan ɗan ƙara jinkiri kafin su yi tauri. Sai da na ɗauki lokaci kafin na gane halinsa.

Idon maigida ya ci gaba da raguwa har ya ajiye ɗinki. Na ji tsoron zaman banza zai karya shi. Wata safiya ina jera robobi sai ya jawo kujera ya ce in ba shi gwangwanin sukari. Na dube shi. Ya ce ya tuba tun tuni. Ya zaro ɗan ƙoƙon ƙarfen nan da tela ke sa wa a yatsa don kada allura ta soke shi, ya gwada da bakin cokalina, ya ga rabin ƙoƙon ne daidai. Tun daga ranar aikin sukari ya koma hannunsa. Ni ke dafawa in tace in ɗura, shi ke awo da murɗa murfi da matsawa. Gaskiya tasa ta fi tawa daidaito, duk robobin kan nuna tare, amma ban cika faɗa masa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, tsofaffin abokansa teloli sukan biyo su zauna a falo, har da mutumin Sakkwaton nan, wanda yanzu shi ke fara miƙa kofi. 'Yarmu ta yi aure, mijinta yaron kirki ne, iyayensa ta Chadi suka zo, shi a nan aka haife shi. Zuwansa na farko cin abinci bayan biki, maigida ya buɗe masa roba da hannunsa ya cika masa kofi. Yaron bai saba da yajin citta ba. Ya kurɓa, ya ƙware, hawaye suka zubo, amma kunyar suruki ta hana shi ajiyewa. Ya daure ya shanye, ya goge ido, ya ce da 'yar Hausarsa, "Da daɗi, Baba."

"Ka ji ko, Hajiya?" in ji maigida. "Na gaya miki yaron nan ya san abu."

Ya sake cika masa kofin. 'Yarmu ta sunkuyar da kai tana dariya, ta miƙa hannu ta ƙarƙashin faranti ta janye kofin zuwa gabanta. Da za su tafi ta shiga kicin ta buɗe firiji ta ɗauki robobi biyu ta sa a jakarta, ta ce mini da Hausa wai na baƙi ne.